Tsakiyar Manyan Biranen Amurka: Tambayoyi da Amsoshi Kan Wadda Ta Fi Wata

Duk wanda ya ga hoton birnin Amurka, dogayen benaye yake fara gani, kuma da su yake yanke hukunci. Masu tsara birane ba a nan suke tsayawa ba. Suna duba ko mutane na kwana a wurin, ko ana iya biyan buƙatun yau da kullum a ƙafa, ko titi na da rai bayan an tashi daga aiki. A kan wannan ma'auni muka gina amsoshin nan.

Wane yanki ake kira tsakiyar birni, kuma wa ke shata iyakarsa?

Yawanci shi ne inda birnin ya fara kafuwa, inda manyan ofisoshi, kotuna, hedikwatar hukumar birni, otal-otal da babbar tashar jirgin ƙasa suka taru. Babu wata dokar ƙasa da ta shata iyakarsa. Hukumar birni tana da nata layin, dillalan gine-gine suna da nasu, ƙungiyar 'yan kasuwar yankin ita ma da nata. Shi ya sa za ka ga jeri biyu sun saɓa wa juna alhali babu wanda ya yi ƙarya.

A Shikago, yankin da ake kira Loop yana tsakanin kogin Shikago ta arewa da yamma, da tafkin Michigan ta gabas. Amma manyan kantunan titin Michigan suna ƙetaren kogin, kuma da yawan masu lissafi suna haɗa su a ciki. New York tana da cibiya biyu a tsibirin Manhattan: ta kudu inda Wall Street yake, da Midtown, wadda ta fi ta yawan ofisoshi. Atlanta uku gare ta a jere: tsohuwar tsakiya, Midtown da Buckhead. Kafin ka yarda da kowane jeri, fara duba inda aka ja layi.

Ashe ba birnin da ya fi yawan jama'a ne ya fi girman tsakiya ba?

A'a. Ƙidayar 2020 ta ba Jacksonville ta jihar Florida mutum kusan 950,000, Boston kimanin 675,000, Atlanta ƙasa da 500,000, Miami kimanin 442,000. Wanda ya tsaya kan lamba zai ɗauka Jacksonville ce babbarsu. Gaskiyar maganar, a 1968 ta haɗe da gundumar Duval, iyakarta ta haɗiye ƙauyuka da gonaki. Boston kuwa a matse take: Cambridge, inda jami'o'in Harvard da MIT suke, gada kawai za ka tsallaka, amma birni ne mai zaman kansa. Abin da ke ciyar da tsakiyar birni shi ne jama'ar yankin baki ɗaya, da kuma ko hanyoyinsu can suka nufa.

To da me ake aunawa?

Na farko, kuma mafi nauyi a wurinmu, yawan masu kwana. Ma'aikacin ofis yana zuwa da safe ya tafi da yamma, kwana biyar a mako. Mazauni shi ke buƙatar kantin cefane, kemis, makarantar yara da aski ranar Asabar, kuma shi ke riƙe da titi da dare. Wanda ya san yadda tsakiyar Abuja ke yin tsit da almuru, bayan ma'aikata sun nufi Kubwa da Nyanya da Mararaba, ya riga ya fahimci ciwon da ke damun rabin biranen Amurka.

Na biyu yawan ayyuka, na uku jirgin ƙasa da bas. Sai waɗansu abubuwa da ba a cika sa wa ido ba. Tazarar da ke tsakanin mahaɗa da mahaɗa tana da tasiri sosai: a Portland mita 61 ce, a Manhattan kimanin mita 80 idan ka nufi arewa, a Salt Lake City kuwa mita 201. Gajeriyar tazara na ƙara yawan kusurwoyin titi, kusurwa kuma ita ce wurin shago, kuma mai tafiya a ƙafa yana samun hanyoyi da yawa. Sai ƙasan bene: ƙofofin shaguna ne a jere, ko doguwar katanga ce da ƙofar garejin mota? Sai filayen ajiye motoci. Duk filin da aka shimfiɗe wa motoci a tsakiyar gari, gini ne aka rushe ba a mayar ba.

Tsayin bene yana can ƙarshen lissafi.

Ku faɗa mana kai tsaye: yaya jerin yake?

New York ce ta ɗaya, Shikago ta biyu. Wannan ba a cika musu a kansa ba. Daga na uku gardama take farawa, kuma birane huɗu ne ke takara: Filadelfiya, Boston, Washinton da San Francisco. A ganinmu haka suke a jere, sai Seattle ta biyo su a matsayi na bakwai. Da a 2019 aka yi tambayar, San Francisco ce da yawa za su sa ta uku.

Rukuni na gaba su ne waɗanda ke da ƙarfi ta wani ɓangare da rauni ta wani: Los Angeles, Miami, Portland, Denver, Minneapolis, Pittsburgh, San Diego da New Orleans. Daga nan sai manyan biranen kudu da mota ta gina, Houston, Dallas, Atlanta da Phoenix, waɗanda arzikinsu ya fi tsakiyarsu nesa ba kusa ba. Detroit ba ta shiga kowane rukuni da kyau, za mu zo kanta.

Me ya sa New York ta yi wa sauran fintinkau?

Jirgin ƙarƙashin ƙasa ne tushe. An buɗe shi a 1904, yana da tasha 472, kuma ba ya rufewa dare da rana. Ga manyan tashoshi biyu a Midtown, Grand Central da Penn, da ke juye ma'aikata daga jihohi uku kowace safiya. Ba don wannan ba, babu yadda za a yi mutane masu yawa haka su taru a wuri ɗaya; da mota za su zo, da wurin ajiye ta kaɗai ya cinye tsibirin. Tsarin titunan kuma tun 1811 aka zana shi, masu lamba a jere, baƙo ba ya ɓata.

Kudancin Manhattan darasi ne a kan kansa. A farkon shekarun 1990 ofisoshi sun yi ta zama babu ɗan haya, da dare kuma ba kowa. A 1995 aka fito da rangwamen haraji ga duk wanda ya mayar da tsohon ofis gidan zama. Daga 2000 zuwa yau mazauna yankin sun ninka fiye da sau biyu, duk da harin 11 ga Satumba 2001 da ya auku a nan.

Aibunta tsada da cunkoso. Shara a bakin titi ma tsohon ciwo ce, domin yawancin Manhattan babu lungun baya da za a ajiye ta. Tun 5 ga Janairu 2025 ƙaramar motar da ta shiga kudu da titi na 60 da rana tana biyan dala 9.

Akwai abin da Shikago ta fi New York da shi?

Akwai. Tsabta, sarari da kyan gani. Shikago tana da lungunan baya, can ake kwashe shara a sauke kaya, har akwai tituna masu hawa biyu irin Wacker da manyan motoci ke bi ta ƙasa. Bakin tafkin kuma an bar wa jama'a shi: dandalin Grant, da na Millennium da aka buɗe a 2004, suna tsakanin benaye da ruwa. Gobarar 1871 ta share tsakiyar birnin, aka sake gina ta daga tushe, kuma a nan aka yi ginin Home Insurance a 1885, wanda ake lissafa shi farkon dogon bene mai ƙashin ƙarfe. Hasumiyar Willis mai hawa 110 da tsayin mita 442 ita ce gini mafi tsayi a duniya har zuwa 1998. Jirgin da ke bin kan ginshiƙai yana zagaye tsakiyar tun 1897.

Rauninta, cikin Loop ɗin kansa, musamman layin bankuna na LaSalle, yana yin sanyi da dare. Rayuwar dare tana unguwannin River North da West Loop da ke maƙwabtaka da shi. Sai hunturu: a Janairu iskar tafkin na sa mutum ya gudu cikin gini.

Filadelfiya ba ta da benaye da yawa. Ta yaya ta zama ta uku?

Domin mutane na zaune a cikinta, kuma masu yawa. William Penn ya sa aka zana birnin a 1682 tsakanin kogin Delaware da na Schuylkill, tazarar kusan kilomita 3, da dandali biyar. Titunan ƙanana ne, gidajen jan bulo suna manne da juna har gindin benayen ofis. Mutum zai fito daga ofis a titin Market, cikin minti goma yana ƙofar gidansa. Ka tsaya a dandalin Rittenhouse da yammacin Asabar: tsofaffi a kan benci, iyaye da keken jarirai, ɗalibai, masu kiɗa, kuma kusan dukansu a ƙafa suka zo. Kasuwar Reading Terminal, wadda ke ci tun 1893, kasuwar cefane ce ta gaske, da mahauta da masu kifi da masu kayan miya, ba ta baƙi kaɗai ba.

Ƙarancin benayen ma da dalili. An daɗe ana bin wata al'ada, ba doka ba, cewa kada gini ya wuce mutum-mutumin Penn da ke saman hedikwatar birni, mita 167. Sai a 1987 ginin One Liberty Place ya karya ta. Daga ƙarshen shekarun 1990 kuma birnin ya yafe harajin shekara goma a kan sabon gini da gyaran tsoho, tsofaffin ofisoshi suka koma gidaje. Inda take da rauni shi ne ayyuka: harajin da birnin ke cira daga albashi ya kori kamfanoni da yawa zuwa bayan gari.

Me ya hana Washinton dogayen gine-gine?

Dokar majalisar tarayya ta 1910. Ta ɗaure tsayin gini da faɗin titin da yake kallo: faɗin titi a ƙara ƙafa 20, kuma kada ya wuce ƙafa 130, wato kusan mita 40, a titunan kasuwanci. Hakan ya kama hawa 12 ko 13. Maganar da ake yaɗawa cewa an hana gini ya wuce ginin majalisa ba ta cikin dokar. Sakamakon shi ne tsakiyar ta bazu a kwance, kowane fili an cike shi, rana na sauka kan titi. Jirgin Metro da aka buɗe a 1976 ya riƙe ta, gidajen tarihi na Smithsonian kuma shiga kyauta ne. Matsalarta dogaro da ma'aikatan gwamnati: in suka daina zuwa ofis, layin K Street ya mutu.

Houston da Dallas suna da benaye masu ban mamaki. Me ya sa kuka sa su ƙasa?

Je ka tsakiyar Houston da azahar a watan Agusta. Zafi na kusan maki 35 ko fiye, ga gumi, titi mai layi huɗu ko biyar duk hannu ɗaya, gefen titi ba kowa sai mai jiran bas. Ka shiga harabar wani bene, ka bi matakala mai tafiya da kanta zuwa ƙasa, sai ka iske gari guda: gidajen abinci, shagon aski, likitan haƙori, ma'aikata a layi da katin shaida rataye a wuya. Waɗannan hanyoyi na ƙarƙashin ƙasa sun kai kusan kilomita 10, a zurfin mita 6. Suna da daɗi ga ma'aikaci, amma sun kwashe ciniki daga titi, kuma ana rufe su da yamma da ƙarshen mako. Baƙon da ya zo ranar Lahadi zai ga bene mai hawa 75 amma ya sha wuya kafin ya sami shayi.

Dallas ma ta yi irin waɗannan hanyoyi, Atlanta ta yi gadoji tsakanin benayen Peachtree Center, Minneapolis kuwa ta fi kowa: gadojin gilashi na kusan kilomita 15 a hawa na biyu, saboda sanyi. Illar iri ɗaya ce ko'ina. Jama'ar da ba ta da yawa aka raba ta hawa biyu, ƙasan titi ya rasa masu saye. A Minneapolis kowane ɓangare mallakar mai ginin ne, shi ke sa lokacin rufewa, sai mutum ya yi nisa ya tarar da ƙofa a kulle.

Ƙari a kan haka, ayyukan Houston a warwatse suke: cibiyar asibitoci ta Texas Medical Center da yankin Galleria kowanne ya kai tsakiyar wani birnin. Ana dai gyarawa. Jirgin titi ya fara a 2004, dandalin Discovery Green ya buɗe a 2008 a inda galibi filin motoci ne da.

Wai me ya kashe tsakiyar biranen tun farko?

Abubuwa uku ne suka haɗu bayan yaƙin duniya na biyu. Gwamnatin tarayya ta tsaya wa bashin sayen gida a sababbin unguwannin bayan gari, aka kuma hana tsofaffin unguwanni, musamman na baƙaƙen fata, irin wannan bashi. Dokar gidaje ta 1949 ta ba birane kuɗin rushe unguwannin da aka kira lalatattu. Sai dokar manyan hanyoyi ta 1956, wadda tarayya ke biyan kashi 90 cikin ɗari na kuɗin aikin. Babu magajin garin da zai ƙi irin wannan tayi, aka ratsa hanyoyin ta cikin gari. Da gangan aka fi bi ta unguwannin marasa ƙarfi: Black Bottom da Paradise Valley a Detroit, Overtown a Miami, titin Claiborne a New Orleans, Rondo a St. Paul. An raba dubban iyalai da gidajensu da shagunansu, kuma har yau waɗannan unguwanni ba su dawo yadda suke ba.

A shekarar 1956 ɗin dai aka buɗe Southdale kusa da Minneapolis, rukunin kantuna na farko mai rufi da na'urar daidaita yanayi, da filin mota kyauta. Masu saye suka bi shi, manyan kantunan cikin gari suka yi ta rufewa. Biranen da suka tsira su ne masu tsohon jirgin ƙasa da mazaunan da suka ƙi tashi. Jerin da muka bayar a sama kusan jerin waɗannan biranen ne.

Ana iya gyara ɓarnar babbar hanya?

Ana iyawa, amma da tsada. Boston ta binne hanyar da ta raba tsakiyarta da bakin teku. An fara a 1991, aka gama a 2007, kuɗin ya kusa dala biliyan 15, ninkin-ba-ninkin abin da aka ƙiyasta. A samanta yanzu akwai dandali mai tsawon kilomita 2.4. San Francisco girgizar ƙasa ta 1989 ce ta lalata mata hanyar Embarcadero mai hawa biyu, aka rushe ta a 1991, bakin ruwa ya buɗe. Portland ta riga kowa, ta rufe Harbor Drive a 1974 ta mayar da ita wurin shaƙatawa. Seattle ta rufe tata a 2019 ta mayar da motoci ƙarƙashin ƙasa. Hanya mafi sauƙi ita ce ta Dallas: a 2012 ta yi wa wani ɓangaren hanya rufi, ta dasa dandalin Klyde Warren mai faɗin kusan hekta 2 a kai. Motoci na wucewa ta ƙasa, yara na wasa a sama.

Ina Los Angeles, birni na biyu a girma?

Tsakiyarta ta fi yadda ake zato, amma ba ta kai girman birnin ba. Har ƙarshen shekarun 1950 doka ta hana gini wuce ƙafa 150, in ban da hedikwatar birni ta 1928. Ayyuka suka bazu zuwa Hollywood, Century City, Santa Monica da sauransu, manyan hanyoyi kuma suka yi wa tsakiyar zobe. Dokar 1999 da ta sauƙaƙa mayar da tsofaffin gine-gine gidaje ita ta dawo da mazauna titunan Spring da Main. Kasuwar Grand Central tana ci tun 1917, kuma a 2023 aka haɗe layukan jirgi ta ƙarƙashin tsakiyar. Abin da ke ja mata baya shi ne Skid Row, unguwar da dubban marasa matsuguni ke kwana a tantuna, tafiyar 'yan mintoci daga otal-otal masu tsada. Abin tausayi ne, kuma tushensa tsadar haya ce da tabin hankali da shaye-shaye da aka bari ba kulawa.

Me annobar korona ta canza?

Ta fallasa biranen da suka dogara da ofis kaɗai. San Francisco ta fi kowa jin jiki, domin kamfanonin fasaha su suka fi iya aiki daga gida. Ofisoshin da ba ɗan haya sun tashi daga ƙasa da kashi 5 cikin ɗari kafin annobar zuwa sama da kashi 30 a 2023. A shekarar ne kantin Nordstrom ya bar titin Market. Abin na tafiya ne a sarƙe: ma'aikata sun ragu, masu abinci sun rufe, fasinjan jirgi ya ragu, darajar benaye ta faɗi, harajin birni ya ragu. Wuraren da ke da mazauna da masu yawon buɗe ido, irin Miami da San Diego, sun fi saurin farfaɗowa. A yawancin birane yanzu Talata zuwa Alhamis ne ranakun cika, Litinin da Juma'a da sauƙi.

Me zai hana a mayar da ofisoshin da ba kowa gidajen zama?

Ana yi, amma ba kowane bene ke yarda ba. Matsala ta farko zurfi. Ɗakin kwana na buƙatar taga. Benayen da aka gina kafin yaƙin duniya na biyu sirara ne, domin da hasken rana da iskar taga aka dogara, daga taga zuwa inda lif yake bai cika wuce mita 9 ba. Na shekarun 1960 zuwa 1980 kuwa faffaɗa ne, tazarar kan kai mita 15 ko fiye, sai tsakiyar kowane hawa ta zama duhu, babu mai hayar ta.

Ta biyu ruwa. A ofis banɗakuna suna wuri ɗaya kusa da lif. A gida kowane sashe na son kicin da banɗakinsa, dole a huda daɓen kowane hawa a ratsa bututu daga sama har ƙasa. Idan daɓen mai ɗaurarrun wayoyin ƙarfe ne a ciki, huda ɗaya a inda bai dace ba na iya raunana shi, sai an haska an gano inda suke. Ta uku, tagogin ofis ba sa buɗewa, na'urar sanyaya kuma guda ce ga ginin duka, sai an sauya. Ta huɗu 'yan haya: bene na iya zama rabi fanko, amma sauran suna da yarjejeniyar shekaru, ba a fara aiki sai sun fita. Ta biyar farashi: lissafin ba ya fita sai mai ginin ko bankinsa ya yarda ya sayar da asara.

A lamba 25 titin Water a Manhattan sai da aka fafe tsakiyar ginin aka yi farfajiya don haske ya shiga, aka fitar da gidaje sama da 1,300. Irin wannan aiki sai inda haya ke da tsadar da za ta mayar da kuɗin.

Akwai tsaro?

Da rana, a dukan waɗannan wurare, baƙo na yawo lafiya. Alƙaluman kisa da ake ji game da Shikago ko Filadelfiya galibi na waɗansu unguwanni ne masu nisa da tsakiya. Abin da ya fi samun baƙo shi ne fasa gilashin mota da ƙwacen waya. Kada a bar ko jakar banza a kujerar mota, musamman a San Francisco. Yanayi kuma na sauyawa daga layi zuwa layi: a San Francisco unguwar Tenderloin mai fama da matsaloli na manne da dandalin kantuna na Union Square, a Los Angeles kuma Skid Row na gabas da titin Main. Ka duba taswira kafin ka biya otal, arahar da ta yi yawa tana da dalili. Da dare ka bi titin da ke da shaguna a buɗe ko da ya fi nisa. Lambar gaggawa 911 ce.

A wane birni zan iya zama ba mota, kuma yaya zan shiga gari daga filin jirgi?

New York, Shikago, Filadelfiya, Boston, Washinton da San Francisco, mota nauyi ce a tsakiyarsu, kuɗin ajiye ta a otal kaɗai ya isa. Seattle da Portland ma ana iyawa. A Houston, Dallas, Phoenix da yawancin Atlanta, da zarar ka fita daga tsakiya kana buƙatarta.

Daga filin jirgin O'Hare a Shikago, jirgin ƙasa na shuɗin layi na kai ka Loop cikin kimanin minti 45, dare da rana. A Atlanta jirgin MARTA yana cikin filin jirgin, minti 20 ne. Filadelfiya kusan 25, San Francisco kusan 30 a jirgin BART, Denver 37, Seattle kusan 40. Filin Dulles na Washinton ya sami Metro a 2022, tafiyar kusan awa ɗaya. A Boston bas ɗin Silver Line daga filin jirgi zuwa South Station kyauta ne. New York duk girmanta ba ta da jirgi ɗaya kai tsaye: daga filin JFK sai ka hau ƙaramin jirgin AirTrain zuwa tashar Jamaica da ke cikin birnin ka sauya, filin LaGuardia kuwa bas ne. Houston babu jirgin ƙasa zuwa ko ɗaya daga filayenta biyu.

Masallaci da abincin halal fa?

A Midtown na New York amalanken shinkafa da kaza na halal suna kusan kowace kwana. Wanda ya fi suna yana mahaɗar titi na 53 da Sixth Avenue. Babban masallacin birnin yana titi na 96. Mai neman abincin Afirka ta Yamma ya nufi titi na 116 a Harlem, ko Bronx, inda Hausawan Ghana da Nijar da Najeriya suke da masallatai da shaguna. Ofishin jakadancin Najeriya na New York yana Second Avenue, kusa da Majalisar Ɗinkin Duniya.

Shikago na da masallaci a cikin Loop, a titin State. Filadelfiya na da Musulmi baƙaƙen fata da yawa, halal ba ya wuya. A Washinton akwai Cibiyar Musulunci ta titin Massachusetts, tun 1957. A tsakiyar Houston, Hakeem Olajuwon, ɗan wasan ƙwallon kwando haifaffen Legas, ya sayi tsohon ginin banki aka mayar da shi masallaci, aka buɗe a 2002. 'Yan Najeriyar birnin kuwa sun fi yawa a kudu maso yamma. Minneapolis, mai Somaliyawa da yawa a unguwar Cedar-Riverside, ta amince a 2023 a riƙa kiran salloli biyar da lasifika.

Gaskiya ne Detroit ta farfaɗo?

Tsakiyarta ta farfaɗo, birnin kuwa da saura. Mutum miliyan 1.85 ne a 1950, suka koma 639,000 a 2020, kuma a 2013 hukumar birnin ta bayyana karayar arziki. Juyin ya fara ne a 2010 da attajiri Dan Gilbert ya kawo kamfaninsa Quicken Loans cikin gari, ya yi ta sayen tsofaffin benaye yana gyarawa. Kamfanin Ford ya gyara tsohuwar tashar Michigan Central ya buɗe ta a 2024, bayan ta yi sama da shekara 30 a yashe. Benayen shekarun 1920 da talauci ya hana a rushe su ne yau suka zama dukiyarta. Haɗarin shi ne kaso mai yawa na tsakiyar yana hannun mutane ƙalilan, kuma tafiyar minti goma a mota za ta kai ka layukan da ciyawa ta maye gurbin gidaje.

Idan kwana ɗaya gare ni, yaya zan auna tsakiyar birni da kaina?

Kada ka auna da azahar ɗin Laraba, kowace tsakiya na da rai a lokacin. Fita da ƙarfe 8 na dare a ranar aiki, ko da hantsin Lahadi. Ka zaɓi titi ɗaya ka yi tafiyar minti 15 a miƙe, kana ƙirga ƙofofin da ke buɗe da filayen mota da ka wuce. Ka nemi kantin cefane na gaske, mai ɗanyen nama da kayan miya, ka ga minti nawa ya ɗauke ka. Ka lura ko akwai yara da tsofaffi, domin su ba sa zuwa inda ba a zaune. Daga nan ka yi ƙoƙarin fita daga tsakiyar a ƙafa zuwa unguwa mafi kusa. A Boston da Filadelfiya ba za ka san lokacin da ka fita ba. A Houston, Atlanta da Los Angeles, ta yawancin ɓangarori sai ka bi ta ƙarƙashin babbar hanya ko ta samanta.

Las Vegas fa, ba ku ambace ta ba?

Layin otal-otal da ake gani a hoto yawancinsa ba ya cikin iyakar birnin ma; yana yankin Paradise na gundumar Clark. Tsakiyar Las Vegas ta asali tana titin Fremont, kilomitoci kaɗan arewa da shi, ƙarama ce, kuma ba ta cikin sahun waɗanda muka jera.